Fushi Baƙo Ne, Kada Ku Yi Masa Shimfiɗa

Ƙannena, samari da 'yan matan Gadarif,

Duk wanda ya taɓa yankan riɗi a gonakin kudancin garin nan ya san riɗi ba ya jiran kowa. Da zarar ganyensa ya yi rawaya wajen watan Oktoba, 'yan kwanaki ne tsakanin mai gona da asara. In aka yi jinkiri sai kwanson ya buɗe baki ya zubar da 'ya'yansa cikin tsagar ƙasa, kuma abin da baƙar ƙasar nan tamu ta haɗiye ba ta mayarwa. Shi ya sa a lokacin kowa a tsaye yake, da mai gona da wakilinsa da ɗan ƙwadago. Barci bai isa ba, ruwan sha a gwargwado, rana kuma tana dukan ƙeya. A irin wannan wuri na fara gane cewa mutane ba fushi iri ɗaya suke yi ba.

Ina saurayi na bi kawuna yankan riɗi a wani mashru, wato babbar gona, can wajen Doka. Ana biyanmu ne a kan hilla, wato tarin dammunan da ake jinginawa tsaye su bushe. Ranar lissafi sai wakilin mai gona ya ƙirga mana ƙasa da abin da muka ƙirga. Mu uku abin ya shafa. Na farko, wani abokin aikinmu, nan take ya yi jifa da lauje, ya dinga ɗaga murya har jijiyoyin wuyansa suka fito. Na biyu kawuna ne. Bai ce uffan ba sai da hayaniya ta lafa, sannan ya ce wa wakilin, "Malam, zo mu sake zagayawa tare, ido yakan yi kuskure." Aka zagaya, aka ga kuskuren, aka cika mana haƙƙinmu kafin la'asar. Da magariba mai ihun nan da wakilin suna shan shayi a tabarma ɗaya. Na ukun ni ne. Ban yi ihu ba, ban kuma yi magana ba, na dai ƙulla a raina cewa da gangan ya yi, don ya ga mu Hausawa ne. Shekara biyu na yi ina sauya hanya duk sanda na hango mutumin a kasuwa, alhali ba ni da shaidar komai.

Abu ɗaya ya same mu, a rana ɗaya, a kan kuɗi ɗaya, amma kowa ya tashi da abin da halinsa ya ɗora masa. Da za a tambayi waɗanda suka ga abin, cewa za su yi mai ihun nan shi ne mafaɗaci, ni kuwa yaro ne mai haƙuri. Shi ya kwana da zuciya wasai, ni na ɗauko dutse a ƙirji. Dalilin rubutun nan ke nan. Ina so kowannenku ya san ta wace ƙofa fushi yake shigo masa. Shigowarsa ba a hannun mutum take ba, amma yi masa shimfiɗa har ya zauna ya rikiɗe ya zama gaba, wannan da hannunsa mutum yake yi.

Harshenmu bai zuba waɗannan abubuwa a kwando ɗaya ba. Mukan ce wane mai zuciya ne, wane mai zafin kai ne, wance mai riƙo ce, wane kuma ba ya yi wa kowa kyakkyawan zato. Fushi tafasa ce: zuciya ta buga da sauri, numfashi ya gajarta, fuska ta sauya. Jiki ne yake shirin kare kansa, kuma in aka ba shi lokaci yakan sauka, kamar yadda tukunya take lafawa in an janye itace. Gaba kuwa hukunci ce da mutum ya yanke a ransa ya ajiye: wane mugu ne, mutanen unguwa kaza ba sa ƙaunarmu, duk wanda ya yi mini murmushi da abin da yake nema. Tana kwana da mutum ta tashi da shi, ko da ba wanda ya taɓa shi ranar.

A wata huɗuba da Tirmizi ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auna mutane da ma'auni biyu, saurin hawa da saurin sauka. Ya nuna cewa mafifici shi ne mai jinkirin fushi mai saurin hucewa, mafi muni kuma mai saurin fushi mai jinkirin hucewa. Shi kuwa mai saurin hawa da saurin sauka, ɗaya ta biya masa ɗaya. Ku lura, ba a ware wani rukuni aka ce su ba sa fushi ba. Masana halayyar ɗan Adam na zamani da suka zo da nasu awon, kusa da nan suka tsaya. A 1992 Arnold Buss da Mark Perry a Amurka suka yi wa ɗalibai sama da 1,000 tambayoyi, sai amsoshin suka rabu gida huɗu: kai hannu, zafin baki, fushi, da gaba. Suka bayyana cewa biyun farko aiki ne, fushi abu ne da ake ji a jiki, gaba kuma tunani ce, sannan fushin ne gadar da mugun tunani yake bi ya isa ga hannu da baki.

Akwai kuma ma'aunin da Paul Costa da Robert McCrae suka yi fice da shi, wanda ya tattara halayen mutum a manyan rassa biyar, aka gwada shi a harsuna da ƙasashe da dama: saurin girgizar zuciya, son shiga jama'a, son sabon abu, sauƙin kai da tausayi, sai tsari da kamun kai. Bincike da yawa sun nuna cewa wanda zuciyarsa take saurin girgiza shi ya fi yawan jin fushi, wanda kuma ya gaza a sauƙin kai da yarda da mutane shi ya fi mayar da fushin faɗa da gaba. In biyun suka haɗu a mutum ɗaya, ga shi kuma ba kamun kai, to an ajiye garwashi kusa da busasshen karan dawa. Bari in bi muku ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba ya ga wadda take a buɗe a gidansa.

Ta farko ita ce ta mai saurin damuwa. Zuciyarsa kamar tukunyar gwangwani take, wuta kaɗan ta tafasa. Sau da yawa fushinsa tsoro ne ya sauya riga: tsoron kada a raina shi, kada kuɗin haya ya gagara, kada a kore shi daga aiki. Yunwa da gajiya da rashin barci suna ƙara masa. Irin wannan yakan huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, fushin kaza huce kan dami. An ɓata masa rai a kasuwar amfanin gona, ƙanwarsa ce za ta sha tsawa a gida. In kai ne wannan, ka sani ba mugu ba ne kai. Abin da kake bukata shi ne ka san lokutanka. Kada ka yi lissafin kuɗi da kowa kana jin yunwa, kada ka amsa maganar da ta sosa ka a ranar da ba ka yi barci ba.

Ta biyu ita ce tawa, ƙofar mugun zato, kuma a kanta nake so mu daɗe. A 1980 wani masani mai suna Kenneth Dodge ya yi gwaji da yara maza 'yan makaranta. Aka ba kowane yaro wasan haɗa hoto, sai wani yaro ya rusa masa aikin. Wani lokaci a fili take cewa da mugunta aka rusa, wani lokaci a fili take cewa taimako aka so yi, wani lokaci kuma ba a san dalili ba. Inda niyya ta fito fili, yaran da aka sani da faɗa da sauran yara kusan martani ɗaya suka mayar. Inda ba a san dalili ba, nan suka rabu: mafaɗatan suka ɗauka da gangan ne, sauran suka ɗauka kuskure ne. To ƙannena, yawancin abin da yake haɗa mu da mutane a garin nan na rukuni na uku ne. Mai raksha ya fantsama maka taɓo da damina. Wata ta ture jarkarki a layin ruwa, kin kuwa san yadda ruwa yake wuya a Gadarif in rani ya yi nisa. Ma'aikaci ya ce ka dawo gobe. An wuce ka ba a gaishe ka ba. A duk waɗannan akwai wani gurbi da ba ka san abin da ke cikinsa ba, halinka ne yake cike shi. Mai mugun zato yana cike shi da "da gangan", ya ɗaure fuska, ɗayan ya ga an ɗaure masa fuska shi ma ya ɗaure, sai mai zaton ya ce, "Ai na faɗa." Da hannunsa ya ƙera shaidar da yake kafa hujja da ita.

Ta uku girman kai ce. An daɗe ana cewa mai yawan faɗa mutum ne da ya raina kansa a ɓoye. A 1998 Brad Bushman da Roy Baumeister suka gwada: aka sa ɗalibai rubutu, aka kushe rubutun wasu da kakkausan harshe, sannan aka ba su damar ramawa ta hanyar aika wa wanda ya kushe su ƙara mai ciwon kunne. Waɗanda suka fi tsananta ramuwa su ne masu ganin sun fi kowa, masu jiran a yaba musu kullum. Mu nan mukan ruɗa wannan da mutunci, alhali da bambanci. Mai mutunci in yaro ya zage shi a hanya ba abin da ya ragu a jikinsa, ya san kansa. Mai girman kai kuwa darajarsa a bakin mutane take rataye, kalma ɗaya ta isa ta kayar da ita, shi ya sa kullum a shirye yake da yaƙi. In ka ji "ni za a yi wa haka?" tana yawan fitowa daga bakinka, ka binciki wannan ƙofa.

Ta huɗu ita ce ta mai gaggawa, wanda hannunsa yake riga tunaninsa. Fushinsa bai fi na kowa yawa ba, linzami ne babu. Shi ne ake samu a gaban alƙali yana cewa bai san lokacin da ya yi ba. In ka san haka kake, kada ka je wurin rikicin iyakar gona ko na dabbobin da suka shiga shuka da wuƙa a damtse ko sanda a hannu. Ka bar su a gida, ka tafi da dattijo. Abin da ba ya hannunka ba za ka yi aiki da shi ba, kuma minti biyar ɗin da za ka ɓata wajen nemansa sun isa hankali ya dawo.

Ta biyar ba ta da ƙara, shi ya sa ba a lura da ita. Ita ce ta mai haɗiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumid Din kan fushi da ƙullaci da hassada, ya jera su haka domin ɗaya yana haifar da ɗaya. Ya bayyana cewa fushin da mutum ya danne don ba shi da ikon fitar da shi yakan koma ciki ya daskare ya zama ƙullaci. Ya kuma nuna cewa rashin fushi gaba ɗaya naƙasa ce, yawansa halaka ne, abin nema shi ne tsaka-tsaki, inda fushi yake bin umarnin hankali da addini. Ƙannena mata, ku na fi tunawa a nan. An raine ku da kunya, an ce muku haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Amma haƙuri shi ne ki ga laifin, ki faɗe shi a lokacin da ya dace da lafazin da ya dace, ko ki yafe shi har zuciya. Shirun da ake tara laifi a cikinsa kamar ana tara buhuna a sito, shekara biyar a zo a zazzage su a kan kishiya ko uwar miji ko 'ya'ya, wannan riƙo ne, ko da kowa yana yaba miki sanyin hali.

Jiki ma yana biyan wannan bashi. A shekarun 1950 wasu likitocin zuciya biyu a Amurka, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka ce masu gaggawa da son gasa sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Da aka ci gaba da tacewa sai aka ga dafin ya fi taruwa a wuri ɗaya, wato gaba da mugun zato. A 1983 John Barefoot da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bibiyar likitoci 255 na tsawon shekara 25, tun suna ɗalibai: waɗanda awonsu na mugun zato ya yi sama sun kamu da ciwon jijiyoyin zuciya ninki huɗu zuwa biyar na sauran. Binciken da suka biyo baya sun sami tazarar da ba ta kai haka ba, amma alaƙar ba ta ɓace ba. Wanda kake gaba da shi yana can yana barcinsa, jininka ne yake hawa.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi ciwo. Na san wani zai ce, "Yaya, kana magana kamar ba ka san abin da ake yi mana ba." Na sani. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan a kan hanyar Makka, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Tun da aka fara noman injin a yankin nan a shekarun 1940, guminmu yana cikin dawa da riɗin da Gadarif take alfahari da su. Duk da haka akwai wanda har gobe in ya tashi ɓata maka rai sai ya tambaye ka daga ina ka zo. A watan Oktoba na 2008, da wata jarida ta Khartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin maganar da ta taɓa zamanmu 'yan ƙasa, mutane suka fito a Gadarif da Kasala, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka rasa rayuka. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin kan ƙasa da sarautar gargajiya, aka kashe sama da mutum 100. A watan Oktoba na shekarar aka kashe sama da 200 a yankin Wad Almahi. Wanda ya ji wannan bai ji zafi ba, a duba imaninsa.

To amma ku tuna abin da ya biyo bayan rikicin Yuli. Hausawa sun yi zanga-zanga a Gadarif da Madani da Bur Sudan da Khartum, suna neman a yi adalci, kuma duniya ta ji. A Kasala kuwa aka ƙona ofisoshin gwamnati da shaguna, sai labarin wutar ya nemi ya danne labarin waɗanda aka kashe. Fushin ɗaya ne, dalilin ɗaya ne, abin da aka yi da shi ne ya bambanta. A taro kowa da halinsa yake zuwa. Mai mugun zato ne yake kawo jita-jita, mai girman kai ya ce in ba a rama ba an zama mata, mai gaggawa ya ɗauki ashana, mai saurin damuwa ya bi su don tsoro. Masu neman riba da jininmu, ko daga wane ɓangare suke, sun san waɗannan ƙofofi fiye da yadda muka san su. Saƙon da yake shigo maka a WhatsApp ko Facebook da tsakar dare, da hoton da ba ka san inda aka ɗauke shi ba, da "tura wa duk Bahaushe", an ɗinka shi ne daidai da halinka. Zalunci na mutanen da suka aikata shi ne, da sunayensu, kuma a kansu ake neman hukunci. Ranar da ka ce ƙabila kaza duk haka suke, ka yi wa wasu abin da kake kuka an yi maka.

Ga shi kuma tun 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya sauya garin nan. Da Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, da kuma Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, makarantu suka zama gidaje, bayan 'yan gudun hijirar Habasha da aka sauke a Um Rakuba tun 2020. Mutumin da ya tsawata maka a layin burodi wataƙila ya bar gidansa da kabarin ɗansa a baya. Yaƙi yana sa ko mai sanyin hali ya zama mai firgita da saurin hasala. In ka ga haka a jikinka, barci ya ƙi, ƙaramin abu yana tayar maka da hankali, ka gaya wa wanda ka yarda da shi, ka ga likita in da hali. Rauni ne kamar kowane rauni, ba abin kunya ba ne.

Wani zai ce hali zanen dutse, mai hali ba ya fasa halinsa. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin da Annabi ya yaba wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi da halaye biyu, juriya da natsuwa, sai ya tambaya ko shi ya koye su ko da su aka halicce shi, aka ba shi amsa cewa da su aka halicce shi. Binciken da aka yi a kan tagwaye ma ya nuna kusan rabin bambancin halayen mutane gado ne. Amma rabi ba duka ba ne. Masu bibiyar mutane shekara da shekaru sun ga yawancinsu suna ƙara natsuwa da sauƙin kai da kamun kai yayin da suke girma, musamman tsakanin shekara 20 da 40, wato shekarun da kuke ciki ko kuke shiga. Manomin Gadarif bai zaɓi ƙasarsa ba. Laka ce mai kama ƙafa da damina, mai tsagewa da rani. Bai zauna yana kuka don ba ta zama jigawa ba. Ya koyi ranar da ake shigarta da ranar da ake barinta, ga shi tana ciyar da Sudan. Haka za ka yi da halinka.

Wani ɗan ƙasar nan, Farfesa Malik Badri, haifaffen Rufa'a a 1932 wanda ya rasu a 2021, ya fito wa duniya da aikin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, kan lafiyar jiki da ta rai. Shawarar Balkhi ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo, ya kuma sami wani na kusa da ya ba izinin yi masa magana in ya hasala. Ku ɗauki wannan da gaske. Yau, da kake zaune lafiya, ka shirya jumlar da za ka gaya wa kanka. Tawa ita ce, "Me kuma zai iya zama dalili?" Ba na barin kaina in yanke hukunci sai na kawo dalilai biyu da ba mugunta ba. Ka zaɓi aboki ko yaya ka ce masa, "In ka ga idona ya juya, ka kama hannuna mu tafi, ko na ƙi."

In wutar ta riga ta kama, abin da Sunna ta koyar shi ne a nemi tsari da Allah, a yi shiru, mai tsaye ya zauna, a yi alwala. Duk hanyoyi ne na janye itace daga ƙarƙashin tukunya. Kada ku yarda da masu cewa a fitar da fushi ta dukan wani abu ko zazzaga zagi don zuciya ta yi sanyi. A 2002 Bushman ya sa mutanen da aka fusata suna dukan buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, sai suka fito sun fi fushi da son ramuwa a kan waɗanda aka bari suka zauna shiru ba su yi komai ba. Maimaita labarin a zuci, da kai shi majalisa ana ƙara masa gishiri, hura wuta ne. Bayan ka huce kuma kada ka binne maganar. Ka je ka faɗi abin da aka yi da abin da kake so a gyara, ba tare da ka ce "kai dama haka kake" ba. In ta fi ƙarfinku, ƙasar nan tana da judiyya, wato sulhun gargajiya, tana da ajawid masu sasantawa, mu ma muna da dattawan unguwa da limamai. Kai ƙara gare su ba ragwanci ba ne. Shari'a ma ba ta ba ka fiye da kwana uku kana ƙaurace wa ɗan'uwanka ba: an ba fushi kwanakin baƙunci, ba a ba shi ɗaki ba.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya lura da sauya hanyar da nake yi. Wata rana a kasuwa ya riƙe hannuna bai ce komai ba, ya ja ni har gaban wakilin nan, ya yi masa sallama. Mutumin ya tashi ya rungume shi, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambaye ni jikin mahaifiyata, don ya tuna ba ta da lafiya a shekarar da muka yi aiki tare. Zancen hilla kuwa ko alamar tunawa da shi babu a fuskarsa. Da muka juya sai kawu ya ce, "Ka gani, ɗana? Shi ya sauke kayansa tun a gona. Kai ne ka ɗauko naka har gari."

Na san kowannenku yana da wanda yake sauya hanya saboda shi. Wataƙila ya zalunce ka da gaske, to ka nemi haƙƙinka ta ƙofar da ake nema, da murya a sarari. Wataƙila kuma, kamar ni, gurbi ne ka cike da zato. Ko wanne ne, kada watan nan ya mutu ba ka yi masa sallama ba. Allah ya sanyaya zukatanmu, ya kyautata halayenmu, ya zaunar da Gadarif da Sudan baki ɗaya lafiya. Amin.